Akwati na Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina aske kan Toy Gim, kuma ban taɓa gamawa ba mu yi faɗa ba. Kan nasa mai tudu da kwari ne kamar kunyar dankali, ga mai shi ba ya zama wuri ɗaya. In na ce ya daina motsi, sai ya ce gawa ma ba ta ba shi wahalar da nake ba shi. In ce to ya je gawar ta yi masa aski. Duk da haka bayan kwana goma sai ga shi ya dawo, domin a duk unguwar Sinawa ta garin Halden ni kaɗai ne wanzamin da ke yarda ya taɓa shi.

Ba mugu ba ne, sana'arsa ce ta kore masa mutane. Mu da muka tsallako teku daga yankin Toishan na ƙasar Sin babu wanda ya zo da niyyar zama. Wanda mutuwa ta riska a nan, aron ƙasa ake yi masa: a binne shi sama-sama, a ajiye jan bulo ɗaya a wajen kansa, an rubuta sunansa da na ƙauyensu. In shekara bakwai ta cika, ƙasa ta ci rabonta, sai Gim ya zo da shebur da rariya. Ya tone, ya tankaɗe ƙasar kabarin kaf don kada ɗan ƙashin yatsa ya ɓuya, ya wanke kowane ƙashi da ruwa da giyar shinkafa, ya jera mutum a kan tabarma daga kai zuwa ƙafa, bulonsa a wajen kansa, ya bar shi kwana uku a rana. Daga nan sai akwatin kwano, sai jirgin ruwa. A gida iyalinsa su buɗe, su ƙirga, su zaunar da shi a cikin tulu, su binne inda 'ya'ya za su riƙa kai masa abinci. Wanda bai koma ba kuwa, yunwa da yawo ne nasa har abada.

Saboda haka kowa na so Gim ya taɓa shi bayan ya mutu, ba mai so ya taɓa shi da rai. Ranar sabuwar shekara a bakin ƙofa ake ajiye masa kwanonsa. In ya gifta ta gaban 'yan caca sai su tofar da yawu su watse. Shi ko a jikinsa, yakan ce, "Ku yi ta gudu, duk hannuna za ku zo."

Tare suka zo da yayansa Sen, lokacin da ake fasa duwatsu don titin jirgin ƙasa. Sen ya baro mata da jariri namiji. Gim bai baro komai ba sai uwa, wadda ta riƙe hannun rigarsa a bakin kogi ta ce, "Kai ne ƙarami, amma kai ne mai hankali. Ka dawo min da shi." Tsayinsu ɗaya, tafiya ce ta raba su, don Sen yana ɗingishi. Ɓaunar huɗa ta taɓa take masa ƙwaurin hagu yana yaro, ƙashin ya ɗore a karkace. A kan dutsen nan Gim ya koyi sana'arsa, shekarar da ƙanƙara ta binne mutum goma sha tara, ta narke ta fito da su, aka rasa mai matsawa kusa sai shi. Da aikin jirgi ya ƙare suka gangaro Halden, Sen ya shiga haƙar kwal. A 1878 rami ya rufta masa, Gim ya rubuta bulon da hannunsa.

A watan tara na 1885 layi ya zo kan Sen, shi da wasu mutum goma.

Garin ya daɗe yana tsami. Kamfanin kwal na biyanmu ƙasa da abin da yake biyan Turawa, in sun yi yajin aiki a tura mu ramin, su kuma suka bar jaki suna dukan taiki. Mun saba da jifa da zagi, har mun daina lissafa su a cikin masifa. Amma ranar Larabar nan da hantsi na ga abin da ban taɓa gani ba. Matan Turawa suka yi ta sintiri a shagon wanki da ke kusa da nawa, kowace na karɓar kayanta, wasu da kumfa a jiki, jiƙe sharkaf. Babu wadda ta kalli fuskar mai wankin. Na rufe shagona, na nufi ƙarshen unguwa, bakin rafi, inda Gim ke da rumfa da fili.

Tabarmi goma sha ɗaya ne shimfiɗe a rana, kowace da mutuminta fari fat. Gim na tsugune yana juya haƙarƙarin wani.

Na ce, "Yaya Gim, tattara mutanenka. Yau garin nan ba lafiya."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kwanansu biyu. Saura ɗaya."

"Saura ɗaya a gidan uban wa? Matar mahauci ta zo ta kwashe wandunan mijinta suna ɗigar ruwa. Ka taɓa ganin Baturiya ta ɗauki jiƙaƙƙen kaya da hannunta?"

"Ita ta ga za ta iya. Ni ba na sa ƙashi mai danshi a akwati. Wata biyu a cikin jirgi, ya isa gida ya yi funfuna, baƙi ƙirin, uwar mutum ta buɗe ta ga haka? Wanzam, kai dai ka iya yanke kunnen mutane, bar min aikina."

"To zauna a ƙone ka da su."

Ya yi dariya. "Waɗannan sun riga sun mutu, me kuma za a yi musu? Ga Yaya can, na uku daga dama. Je ka gaishe shi, ai ya san ka."

Na je na rusuna wa Sen. Ko ba bulo da na gane shi, ga ƙwaurin nan a karkace da ƙullutu a tsakiya. Gim ya goge shi har yana ƙyalli. Ban taɓa ganin Gim cikin farin ciki irin na ranar ba, har waƙa yake yi a hanci, shi da muryarsa ba ta da daɗi.

Rana na tsaka aka kaɗa ƙararrawar da ake kaɗawa in rami ya rufta. Ba ramin da ya rufta. Turawan gari suka tsallako gada, sun fi mutum ɗari, da bindigogi da gatura da ƙotar diga, matansu kuma suka hau tsibin kwal suna tafi. Wani ya ɗaga murya ya ce an ba mu awa ɗaya mu bar gari. Bai rufe baki ba aka fara harbi.

Wanda ya fara faɗuwa a kan idona Kawu Hom ne, tsohon da ke dafa wa mahaƙa abinci. Ya fito da ludayi a hannu yana tambayar me ya faru, harsashi ya shiga ta bakinsa ya fita ta ƙeya. Ya zauna daɓas a bakin ƙofa, ludayin bai faɗi ba. Mai wankin nan da aka kwashe wa kaya da safe, a kan igiyar shanyarsa suka rutsa shi, mutum uku suka yi ta sara har hannunsa ya rabu da kafaɗa. Waɗanda suka yi aikin kwana suna barci, da suka ji harbi sai suka shige ramukan ajiya na ƙarƙashin ɗakuna, aka zuba kananzir aka cinna. Na ji muryoyinsu ta ƙarƙashin katako, kuma na gane wasu, don ni nake musu aski.

Ni dai na faɗa cikin kwatar da ke gangara rafi, na kwanta a cikin ƙazantar unguwa, kaina kawai a waje a bayan ciyawa. Daga nan filin Gim yana gabana, bai fi taku ashirin ba.

Wanda ya jagorance su zuwa filin wani ne Pascoe. Shekara huɗu suna rami ɗaya da Sen, ya ci tuwon shinkafarsa ba adadi, ya san sunan kowa a unguwar. Amma ranar duk mun koma John, sunan da suke kiran kowane Basine da shi. Da suka ga tabarmin sai suka yi cirko-cirko, har na fara sa rai tsoro zai kore su. Sai wani daga baya ya kwarma ihu, "Ku duba! Mutane suke ci!"

Gim ya miƙe, hannuwansa a buɗe, yana cewa da ɗan Turancinsa, "Pascoe, Sen ne. Ka san Sen. Gida zai tafi."

Pascoe ya sunkuya ya ɗauki bulon da ke wajen kan tabarma ta farko, ya jinjina shi a hannu. Ya ce, "Kai ma tattara naka ka bi shi, John." Wani mahaƙi namu ya zo giftawa a guje zai tsallake rafi, Pascoe ya sake masa bulon a ƙeya, ya kife a ruwa bai ƙara motsi ba. Shi ke nan, kamar an ba su umarni. Kowa ya wawuri bulo, sunayen mutane suka yi ta tashi sama suna sauka a kan 'yan'uwansu masu gudu. Da bulo ya ƙare suka koma kan ƙoƙunan kai, wannan ya taka, wannan ya yi ƙwallo da shi, wannan ya wurga cikin rumfar da ta riga ta kama da wuta. Mutum biyu suka shigo da dawakai suka yi ta sukuwa a kan tabarmin.

Gim ya faɗa a kan tabarma ta uku ya rufe ta da jikinsa. Suka yi ta dukansa da ƙota bai tashi ba. Wani ya ɗirka masa rabin bulo a baki, haƙora suka zubo, bai tashi ba. Sai Pascoe ya naɗe jelar gashinsa a hannu, jelar da ni na kitse masa kwana uku kafin nan, ya ja shi da ita a ƙasa har bakin rafi. A nan ya zaro wuƙa. Bai tsaya yanke gashi kawai ba, da fatar tsakar kai ya haɗa. Ya ɗaga ta sama yana juyawa, mata a kan tsibin kwal suka rangaɗa guɗa.

Ina kwance a cikin kwata, aska a aljihuna, ban fito ba. Na faɗa da bakina don kada wani ya faɗa min. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni kamar jiya aka yi.

Sai da suka koma wajen wawashe shaguna na rarrafo na ja Gim cikin ciyawa. Na ɗinke abin da ya ɗinku da zaren ɗinkin riga, na ɗaure sauran da hannun rigata, na goya shi muka bi titin jirgi zuwa cikin duwatsu, inda sauran waɗanda suka tsira suka taru. Bayan kwana tara sojoji suka maido mu a cikin taragun kwal, ba don tausayi ba, don kamfani na bukatar masu haƙa. Unguwa ta zama toka, aladu na tonon abin da ba zan faɗa ba. Mutum ashirin da uku muka rasa. Aka zauna shari'a, aka tashi a kan cewa duk garin ba wanda ya ga komai. Pascoe ya rataye jelar Gim a bangon gidan giya, ta shekara biyu a can.

Tun zazzaɓi bai sake shi ba Gim ya ɗauki rariya. Mako uku muka yi a filin nan, shi yana tankaɗa, ni ina ɗebo ruwa, tunda ba wanda ya rage mai ƙyamar da zai hana ni. Muka bi rafi, muka bi toka, muka ƙwace wasu a bakin karnuka. Bulo huɗu kawai muka samu masu karantuwa, amma sunayen duk suna kansa. Sai dai suna ba ya manne da ƙashi. Ya yi ta gwada wannan da wancan, tsawo da kauri, har ya tayar da mutane a kan sababbin tabarmi. Da muka ƙirga, ƙoƙon kai goma ne, suna goma sha ɗaya. A duk tarin nan abu ɗaya kaɗai ya san mai shi ba tantama, ƙwaurin hagu mai ƙullutu.

Na ce, "To ai an gama. Ɗauki kai ɗaya ka haɗa wa Yaya Sen. Akwai Quan Yip a cikinsu, ba mata, ba ɗa, ƙauyensu ma ruwa ya cinye. Wa zai tambaya?"

Ya dube ni da fuskar nan da ta kumbura. "Shi zai tambaya."

"Matacce?"

"Kai ka ce in tattara su, ni na ce saura kwana ɗaya. Ba Quan Yip ya faɗa ba. In akwai wanda zai kwana a waje, ɗan gidanmu ne."

"Uwarka fa, tsohon banza? Me za ka ce mata?"

Ya koma kan aikinsa. Ya rufe akwati goma, ya rubuta suna goma, har da na Quan Yip. Ƙwaurin kuma ya naɗe shi a jan ƙyalle ya sa a ƙarƙashin matashinsa. Ya aika wa gida takarda cewa ƙasar nan sanyi gare ta, ba ta gama cin rabonta ba, a ƙara haƙuri. Baɗi ya sake aika irinta. A shekara ta huɗu uwar ta mutu tana jira, ɗan Sen ya ci gaba da rubutowa, shi kuma Gim ya ci gaba da ɗora wa ƙasa laifi.

Komawa gida kuwa ta haramta gare shi, domin a ƙasarmu duk namijin da ya sauka ba shi da jelar gashi, ɗan tawaye hukuma ke ɗaukarsa, tsakar kansa kuma ba ta sake tsiro da gashi ba. Duk da haka bayan kwana goma sai ya zo ya zauna a kujerata, in aske gefe da gefe, ya ce in rage masa kuɗi tunda rabin gona ce. Sana'arsa bai bari ba, kwana ukun nan ma bai rage ko ɗaya ba. Bambancin kawai, yanzu in ya shanya mutane yakan zauna a tsakiyarsu da wuƙar mahauta a cinya har su bushe.

Tari ne ya kwantar da shi a 1899. Wata safiya ya aiko in zo da aska. Na same shi ya ƙare, sai ido. Ina cikin shafa masa kumfa ya zaro jan ƙyallen ya ɗora min a cinya.

"Wanzam, ka ga yadda nake yi, ka iya. In shekarata bakwai ta cika, kai za ka tone ni. Ka cire ƙwaurina na hagu ka sa wannan. A kan akwati ka rubuta Toy Sen."

Na ajiye askar don kada in yanke shi da gangan. "Kai fa?"

"Tsayinmu ɗaya. Haƙoran da babu, a ce rami ne."

"Ba shi na tambaye ka ba. Na ce kai fa? Mutum nawa ka aika gida, ɗari uku? Sai kai ne za ka tsaya kana yawo a ramin kwal da yunwa? Mu rubuta suna biyu mana."

"Akwati ɗaya, mutum ɗaya, suna ɗaya. Za su buɗe su ƙirga. Kana so yaron nan da ya shekara talatin yana jiran uba a miƙa masa ƙashi ɗaya a ƙyalle? Yaya yana da mai share masa kabari. Ni wa gare ni?"

"Kana da ni, ɗan banza."

"Kai ai ko kan mutum ba ka iya sharewa ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "An ce in dawo da shi. Ba a ce in dawo ba."

Na zage shi tas, na gama askin, na yi masa alkawari. Bayan kwana biyu ya mutu, na rubuta bulonsa da sunansa na gaskiya, tunda aron ƙasa ne.

Da shekara bakwai ta cika na ɗauki sheburinsa da rariyarsa. Na tankaɗe kabarin sau biyu, ban bar ko ƙashin ɗan yatsa ba. Na wanke shi da giya mai kyau, ba irin arahar da yake saye ba. Hadari ya taso a rana ta biyu, maƙwabta suka ce in kwashe, na ce saura ɗaya. Da kwana uku suka cika na yi musayar ƙwauri, na rufe akwati, na rubuta Toy Sen.

Bayan wata bakwai takarda ta zo daga ɗan Sen. Ya ce mahaifinsa ya iso cikakke, fari tas, ba danshi. Ya ce da mahaifiyarsa ta ga ƙwaurin sai ta rungume shi ta ce wannan ƙafar ko a cikin dubu ta san ta. An zaunar da shi a tulu kusa da kakarsu, inda take jira. A ƙarshe ya tambaya ko Kawu Gim lafiya, don an daɗe ba a ga rubutunsa ba.

Ban ba shi amsa ba. Ƙwaurin Gim yana nan a shagona, cikin jan ƙyallen, a ƙarƙashin akwatin asake. Ranar share kabura nakan fito da shi in zuba masa shayi, in ajiye masa naman alade, in zage shi yadda muka saba. Yanzu nima tarin ya fara, na riga na rubuta bulona, na kuma gaya wa wanda zai tone ni abin da zai yi. Ya ce ai a gida za su buɗe su ƙirga, su ga ƙwauri uku a akwatin mutum ɗaya.

Na ce su ƙirga.